Minti 15 a Kan Tsauni: Abin da Ke Kayar da Dattawa a Tseren Taswira

A farkon watan Agustan 2013 garin Sestriere, can a ƙuryar arewa maso yammacin Italiya kusa da iyakar Faransa, ya karɓi baƙin da bai saba gani ba. Gari ne na masu zamiya a kan ƙanƙara, da hunturu kasuwarsa ke ci, mazaunansa na dindindin ba su kai dubu ɗaya ba. Baƙin wannan karon kuwa masu furfura ne, maza da mata, kowa da takarda a ninke a hannu, suna kutsawa tsakanin otal-otal da gudu, wannan ya yi dama wancan ya yi hagu, kamar ba tsere ɗaya suke yi ba. Gasar duniya ce ta tseren taswira ta manya, wadda a shekarar aka haɗa ta da babban taron wasannin manya da birnin Turin ya karɓi baƙuncinsa. An yi zagayen tantancewa na gajeren zango a Pragelato, a cikin kwarin da ke ƙasa da garin, sannan aka hau Sestriere don zagayen ƙarshe, mita 2,035 sama da doron teku. Jos da muke kira garin tudu wajen mita 1,200 take.

Wanda ya hango abin daga nesa zai ɗauka tausaya wa dattawan aka yi: maimakon a tura su daji su kusan awa guda suna fama da ƙaya da duwatsu, an ba su tseren minti 15 a kan kwalta. A ganina gajartar nan ba rangwame ba ce. A cikin dukkan tseren da ake yi a makon gasar, shi ne wanda ya fi matse mai shekaru, kuma idan aka ɗora shi a garin tsauni sai matsin ya ninku.

Ga yadda wasan yake, wanda duniya ta sani da oriyantirin. Ba a nuna wa ɗan tsere hanya. Ana ba shi taswira a daidai sakan ɗin da lokacinsa ya fara ƙirguwa. A kanta an zana alwatika inda zai tashi, da da'irori masu lamba ɗaya, biyu, uku har zuwa sha takwas ko ashirin, da tagwayen da'ira inda zai ƙare. A wurin da kowace da'ira ke nunawa an kafa 'yar tuta mai launin fari da ruwan lemo, faɗinta santimita 30, tare da na'urar da ke shaida cewa ya iso. Yana ɗaure da ɗan maɓalli a yatsa wanda zai zura a ciki ya ji ƙara. Dole ya bi waɗannan wurare, wato tashoshi, a jere. Yadda zai je daga wannan zuwa waccan kuwa, ruwansa. Kamfas aka yardar masa, ban da waya ko wani abin da zai nuna masa inda yake. Ana sakin 'yan aji guda ɗaya bayan ɗaya, minti guda tsakani, wanda lokacinsa ya fi ƙanƙanta shi ya ci. A gajeren zango ana tsara hanyar yadda zakaran kowane aji zai gama cikin minti 12 zuwa 15.

Manyantaka a wannan gasa daga shekara 35 take farawa, ana raba mutane aji-aji shekara biyar-biyar, har 'yan 90 da 95 sun tsaya a layin tashi. Babu ƙasar da ke zaɓen wakilai. Duk wanda ya biya kuɗin rajista ya yanki tikitin jirginsa ya shiga. Shi ya sa cunkoson ba a ajin 'yan 35 ko 40 yake ba, waɗanda aiki da renon yara suka riƙe, yana wajen 'yan 60 zuwa 70 ne, masu fansho da lokaci. A irin waɗannan manyan azuzuwa mutum 80 ne ke tsallakewa zuwa zagayen ƙarshe na A, inda ake rabon lambobin yabo. Sauran su yi nasu a B ko C.

Abu na farko da ya kamata a lura da shi tarihi ne. Wasan ya tsiro ne daga atisayen sojojin Suwidin a ƙarshen ƙarni na 19, aka yi gasar farar hula ta farko a Norwe a 1897, aka kafa ƙungiyarsa ta duniya, IOF, a 1961, aka yi gasar duniya ta farko a Finlan a 1966. Duk wannan a daji aka yi shi. Gajeren zango bai shiga gasar duniya ba sai 2001 a Tampere, bai kuma shiga ta manya ba sai 2008 a Fotugal, alhali dattawan suna taruwa tun 1983. To, ɗauki mai shekara 65 da ya tsaya a ajin 'yan 65 a Sestriere. A 1948 aka haife shi. Mai yiwuwa tun yana ɗan makaranta yake yawo da kamfas a dazuzzukan Suwidin ko Finlan. Yana da shekara 53 aka fara wannan salon a gasar duniya, yana da 60 aka kawo shi gasar sa'anninsa. Tsohon hannu ne a daji, a cikin gari kuwa jikarsa mai shekara 16 ta fi shi sabawa.

Ba rashin sabo kaɗai ba ne matsalar, sabon da ya riga ya yi shi ne ke cutar da shi. A daji taswira shawara take bayarwa. Ta ce nan akwai ƙurmi, nan fadama, nan gangare mai tsini. In ka ga za ka iya, bismilla, kai za ka sha wuya. Shekara hamsin mutum ya yi yana koya wa jikinsa cewa layi miƙaƙƙe shi ne abokinsa, shinge abin tsallakewa ne, rafi abin kutsawa. A gari kuwa taswira doka ce. Baƙin layi mai kauri yana nufin katanga ko shingen da aka hana tsallakewa, ko da a zahiri bai wuce gwiwa ba. Launin koren zaitun yana nufin wurin da aka hana shiga: farfajiyar wani, lambun furanni, ciyawar gaban otal. Kore mai duhu shingen shuke-shuke ne da ba a ratsawa ko da akwai kafa a jikinsa. Wanda ya taka, in mai sa ido ya rubuta lambar ƙirjinsa, an soke sakamakonsa ɗungurungum, babu tara, babu ragin sakan. Sabo turken wawa: dattijon da ya ga tutarsa mita biyar a gabansa, ɗan lambun fure ne kawai a tsakani, ƙafarsa ta kan yanke hukunci kafin kansa.

Wasu na ganin tsananin ya yi yawa ga mutanen da nishaɗi ya kawo su. Ban yarda ba. Garin aro ne. Mai gidan da aka tattake masa furanni bana, shi ne zai tashi a taron unguwa baɗi ya ce kada a sake ba su izini. Sannan duk dabarar mai tsara hanya a kan waɗannan shingayen ta dogara. In aka bar ɗaya ya tsallake, an cuci saba'in da tara da suka kewaya. Inda nake ganin laifin masu shiryawa shi ne idan iyakar wurin haramun ba ta fito fili a ƙasa ba. A garin tsauni ciyawar jama'a da ciyawar mai gida sukan haɗe babu alamar komai, musamman a wuri irin Sestriere da gine-ginen haya ke zaune kai tsaye a kan gangaren zamiya. Nan wajibi ne a ja zare ko leda a zagaye, don ba adalci ba ne a kori mutum kan layin da a takarda kaɗai yake.

Sai ido. Taswirar gajeren zango ana buga ta ne a ma'aunin 1:4,000, wato milimita ɗaya a takarda mita huɗu ce a ƙasa. Lungu mai faɗin mita biyu rabin milimita ke nan, ko da mai zane ya ɗan buɗa shi don a gani. Ko lungun nan yana ɓullewa ko kuwa akwai ɗan baƙin layi da ya toshe ƙarshensa, a kan wannan tsere yakan rataya. Idon ɗan Adam kuwa daga wajen shekara 40 zuwa 45 yake fara kasa karanta abin da ke kusa, babu wanda ya tsira, sarki ko talaka. Ƙwayar idon kuma tana ƙara yin rawaya-rawaya da shekaru, bambance launuka masu kama da juna ya ƙara wuya, ga shi kusan namiji ɗaya cikin goma sha biyu a Arewacin Turai dama can ja da kore suna rikita shi. Taswirar da ma'anarta ta dogara ga bambancin koren zaitun da kore mai duhu da rawaya, ga zanen hanya da shunayya a kan gine-gine masu ruwan toka, ba ƙaramin aiki ba ce gare shi.

Kowa da dabararsa. Wasu na sa tabarau mai gilashin karatu a rabin ƙasa, wasu na maƙala ɗan gilashin ƙara girma a jikin kamfas ɗin da ke babban yatsa, wasu na sa gilashin cikin ido a ido ɗaya don karatu su bar ɗayan yana hangen hanya. Kowace dabara da kuɗinta. Mai tabarau, idan ya zo saukowa daga matakala, ta gilashin karatun yake kallon ƙafarsa, sai bakin matakalar ya dushe masa. Dole ya sunkuyar da kai sosai ko ya rage gudu. In hadarin la'asar ya sauko, kamar yadda yakan yi a tsaunukan Alfs da bazara, ɗigon ruwa da tururin gumi su rufe gilashin. Don haka ne ake ƙara wa manyan azuzuwa girman taswira zuwa 1:3,000. Gyara ne mai kyau, sai dai takardar ta ƙara faɗi, ninke ta da juya ta a guje ya zama wani aikin.

Garin tsauni yana da wata matsalar da takarda ba ta iya ɗauka da kyau, wato hawa-hawa. Ginin da aka kafa a jikin gangare, ta bayansa kana shiga hawa na uku, ta gabansa kana ƙasa. Titi ya bi ta ƙarƙashin dandali, gada ta bi ta saman lungu. A taswira wurare biyu suna manne da juna, a zahiri ɗaya na mita shida sama da ɗayan, kuma matakalar da ta haɗa su tana can bayan gini. Mutum ya iso tsakiyar da'irarsa daidai, ya duba babu tuta, ya leƙa ta kan katanga ya hango ta a ƙasa, sauka kuma haramun. Sai da aka yi wa ƙa'idar zanen taswirar gari kwaskwarima a 2022 aka ƙara alamar wurin da ake iya bi a hawa biyu. Wanda ya iya wasan tun kafin ya tashi yake duba 'yar takardar bayanin da ke ɗaure a hannunsa, wadda ke faɗa masa ko tutar tana ƙasan katanga ko samanta, cikin kusurwa ko wajenta. Wanda numfashi ya ƙwace wa bai ma tuna da ita ba.

Numfashin nan shi ne gindin maganar. A tsayin Sestriere iskar oksijin tana nan kashi 21 cikin 100 kamar ko'ina, amma nauyin iskar ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar, don haka kowane shaƙa abin da yake kai wa jini ya ragu. Gwajin da aka yi wa ƙwararrun 'yan tsere ya nuna ƙarfin jiki na amfani da oksijin yana sauka da kimanin kashi 6 cikin 100 a kowace mita 1,000 da aka hau. A mita 2,000 an yi asarar fiye da kashi goma ke nan tun ba a ɗaga ƙafa ba. Wannan ragin yana sauka ne a kan jarin da dama ya riga ya ƙanƙance. Lissafin da aka saba yi na iyakar bugun zuciya shi ne a cire shekarun mutum daga 220; ƙiyasi ne, amma ya isa misali: ɗan shekara 25 yana da wajen 195 a minti, ɗan 65 yana da 155. Saurayi in ya hau matakala da ƙarfi yana da sauran sarari a sama. Dattijo ya riga ya taɓo rufi.

A tseren gudu zalla, wanda ya taɓo rufi gudunsa ne kawai zai ragu. A nan tunaninsa ne ke fara tafiya. Duk wanda ya taɓa hawa bene da gudu aka tare shi da tambayar lissafi a sama ya san abin da ake nufi. Idan tashoshi 18 ne a minti 14, kowane sakan 45 zuwa 50 akwai sabuwar tambaya: hagu ko dama, sama ko ƙasa, lungun nan a buɗe yake ko a toshe. Kuskuren da aka fi jin kunyarsa shi ne wanda 'yan wasan ke kira na digiri 180: mutum ya shiga kusurwa ya buga tasha, ya juyo bai juya taswirarsa ba, ya fita da ƙarfinsa ya nufi inda ya ba wa baya. Mutanen da suka shekara arba'in suna karanta taswira suna yin sa, kuma yawanci a tashar da ke bin doguwar hawa. Abin da masu horarwa ke nanatawa shi ne kada gudun mutum ya wuce karatunsa. A mita 2,000, ga mai shekara 65, gudun da karatu zai iya bi ya yi ƙasa da abin da jikinsa ya saba a gida, kuma babu abin da zai sanar da shi sai ya ɓata.

Gajartar kuma ba ta yafiya. Kuskuren sakan 30 a tseren daji mai minti 50 kashi ɗaya ne cikin 100, ana iya fanshe shi a gaba. A tseren minti 13 ya kusan kashi huɗu. A ajin da mutum 80 ke gudu kuma tsakiyarsu a cushe take, sakan 30 na iya jefa mutum baya da matsayi goma ko fiye.

A duba yadda minti na farko yake. Saura minti uku a kira lambarsa ya shiga layin farko, a gwada maɓallin yatsarsa. Saura biyu ya matsa gaba ya ɗauki takardar bayani ya zura a leda a hannunsa. Saura ɗaya ya tsaya gaban kwalin ajinsa, taswirar a kife. Agogo ya yi gajerun ƙara sannan doguwa ɗaya, ya fizge ta. Yanzu yana da takarda cike da zane da bai taɓa gani ba, domin an hana 'yan gasa shiga garin da taswira tun watanni kafin ranar, kuma sai ya nemo alwatikar a cikinta, ya daidaita arewa, ya ninke, ya ɗora babban yatsa. Ga 'yan kallo, ga na bayansa da za a saki nan da sakan 60. Jiki na cewa ruga. Waɗanda suka san kan abin sukan yi sakan biyar ko goma suna tafiya kawai, suna karanta tasha ta ɗaya da ta biyu. Waɗanda suka ruga su ne ake gani a mararrabar farko sun tsaya cik suna jujjuya takarda. Sauri ya haifi nawa.

Zaɓin hanya a garin tudu lissafi ne, kuma lissafin dattijo daban yake da na saurayi. Tun 1892 wani mai hawan tsauni ɗan Sukotlan, William Naismith, ya kafa ƙa'idar cewa matafiyi ya ware awa ɗaya ga kowane mil 3, ya ƙara awa ɗaya ga kowace ƙafa 2,000 da zai hau. In aka juya ta, hawan mita ɗaya daidai yake da tafiyar kusan mita takwas a shimfiɗe, kuma 'yan tseren taswira da abin da ya yi kama da haka suke aiki. A ɗauka tashoshi biyu suna tsayi ɗaya, tudu a tsakaninsu. Ta sama mita 200 ce, da hawan mita 15, wato layuka shida masu nuna tsayin ƙasa a taswirar da tazarar layukanta mita biyu da rabi ce, ko matakala wajen 90. Ta titi a kewaye mita 300 ce a shimfiɗe. Da lissafin takwas, ta sama ta zama 320, ta kewaye 300. Kusan kunnen doki, saurayi mai ƙarfin cinya zai iya cin riba ta sama. Ga dattijo a siraran iska mita ɗaya ta hawa ta fi takwas tsada, sannan abin da ya hau sai ya sauko, kuma gwiwar da ta shekara 65 ba ta sauka matakala uku-uku. Amma babbar ribar titin ba a ƙafa take ba. A kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta yana iya ɗaga taswira ya karanta tashoshi biyu na gaba yana gudu. A kan matakala idonsa na ƙasa, ya iso yana haki, bai san inda zai nufa ba.

Shi ya sa in aka duba takardar lokutan da na'ura ke fitarwa bayan tsere, wadda ke nuna sakan nawa kowa ya yi tsakanin tasha da tasha, zakaran ajin dattawa sau da yawa ba shi ne ya fi kowa sauri a mafi yawan zangunan ba. Na uku ne nan, na biyar can, amma babu inda ya zubar da sakan 20. Irin su ne za ka ga suna hawa matakala da tafiya, hannu ɗaya a gwiwa, ido a takarda, wani ya wuce su da gudu, bayan tasha biyu su wuce shi yana tsaye. Wannan takardar ita ce abin hira a filin ƙarewa. Mutane su yi cirko-cirko da taswira a hannu, kowa na nuna wa ɗan'uwansa da yatsa inda ya bi, ko da ba su jin yaren juna.

Akwai wani tarkon da cunkoso ke haifarwa. Azuzuwa fiye da ashirin ne ke gudu a ƙaramin gari a lokaci guda, kowane aji da hanyarsa, don haka tutoci sun cika ko'ina, kuma ƙa'ida ta yarda a kafa biyu da tazarar mita 15 kacal. Kowace tana da lambarta, kuma aikin ɗan tsere ne ya duba ta dace da wadda ke takardarsa. Mai haki ya hango tuta, ya ga mutum uku sun nufe ta, ya bi su ya buga ya wuce. Ashe ta ajin mata 'yan 55 ce, tasa tana bayan kwana. Ba zai sani ba sai a teburin ƙarshe, na'ura ta ce tasha ɗaya babu. Sababbin maɓallan da ke bugawa daga nesa ba tare da an tsaya ba sun ƙara wa tseren santsi, sun kuma ɗauke ɗan sakan ɗin da a da ido ke sauka kan lambar.

Duk wannan ya sa nauyi mai yawa yana kan mai tsara hanya. Hanya mafi sauƙi gare shi ita ce ya zana ta 'yan 35, sannan ya yi ta datse ta har ta kai ta 'yan 80. Wannan ha'inci ne. 'Yar shekara 80 da ta tsallako teku ba ta zo a zagaya da ita dandali tana bin tutocin da ake hange daga nesa ba. Ƙafarta ce ta tsufa, ita kuwa tambaya mai wuya take so. Ba kuma daidai ba ne a ba ta zangon da duk hanyoyinsa matakala 60 ne masu santsi babu abin dafawa. Gwanin mai tsarawa yana rage mata hawa da sauka, ya bar mata ruɗanin lunguna. A garin tsauni wannan yana da wuya ƙwarai, domin lungunan da suka fi daɗin wasa galibi su ne suka fi tsini.

A nan ne zaɓin Sestriere ke da abin dubawa. Ba tsohon gari ba ne mai saƙo da lungu. Giovanni Agnelli, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Fiat, shi ya sa aka gina shi a shekarun 1930 don masu zamiya, da dogayen otal biyu masu siffar hasumiya da har yau su ne alamar garin, daga baya aka ƙara masaukin 'yan wasa na Olamfik ɗin hunturu na 2006. Pragelato da ke wajen mita 1,500, jerin ƙananan unguwanni ce a bakin kogin Chisone. Abin da ya ja gasar zuwa can a bayyane yake: ga gadajen kwana da babu kowa a kansu da bazara, ga dazuzzukan tsauni na dogon zango a kusa. Amma tsayin bai raba wuya daidai ba. Jiki na buƙatar mako ɗaya zuwa biyu, ko fiye, kafin ya fara sabawa da irin wannan iska, kuma gajeren zango shi ake fara yi a makon gasar. Wanda ke zaune a tsaunukan Suwizalan ko Ostiriya ya zo da sabonsa. Ɗan Danmak, wanda wuri mafi tsayi a ƙasarsa bai wuce mita 171 ba, ko ɗan Istoniya mai mita 318, in ba mai halin zuwa da wuri ya biya kuɗin otal na ƙarin kwana goma ba ne, a kwanakin da jikinsa ke tsakiyar rikicewa zai yi tseren. Ga batun lafiya kuma. Italiya tun 1982 take da dokar duba lafiyar masu shiga gasa, amma takardar likita ba ta canza cewa an tara ɗaruruwan mutane masu shekara 70 da 80 an ce su ba da iyakar ƙarfinsu a inda iska ta yi ƙaranci.

Ba cewa nake kada a kai dattawa tsauni ba. Su da kansu ba za su gode wa wanda ya ce haka ba, kuma wasan da ake yi a fili dole wani wurin ya fi dacewa da wasu: yashin Fotugal ya yi wa wasu daɗi, duwatsun Suwidin sun yi wa wasu. Sai dai abubuwa biyu ne aka cakuɗa, tudu da tsayi, kuma ba darajarsu ɗaya ba. Tudu yana haifar da tambaya: in hau ko in kewaya. Tsayi ba ya tambayar komai, haraji kawai yake karɓa, kuma ya fi karɓa daga wanda bai samu zuwa da wuri ba. Da gasar ta koma Italiya a 2022, a Peschici da Vieste aka yi gajeren zangon, tsofaffin garuruwa a kan duwatsun gaɓar tekun Adiriyatik, masu matakala da ƙananan lunguna da suka isa su rikita kowa, amma a iskar bakin teku. Ga ajin 'yan 70 zuwa sama, irin wannan garin zan zaɓa. In kuma dole sai an hau mita 2,000, a mayar da gajeren zangon ƙarshen mako bayan mutane sun kwana biyar ko shida a wurin, a buga musu taswira a 1:3,000, a zagaye kowane lambu da zare.